Haƙora Arba'in da Huɗu

Anka, 11 ga Maris, 2013

Zuwa ga Baffa Maikuɗi,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali. Ni ce Fa'iza, 'yar marigayi Malam Abdulwahabu na Bukkuyum, ɗan wan mahaifinka. Rabona da ganinka tun ina aji uku a firamare, don haka in ka ce ba ka tuna ni ba, ba zan ji haushi ba. Inna ta gaya mini ka faɗi a babur ka karye a cinya. Allah ya ba ka lafiya, ya sa kaffara ne. Ita tana Bukkuyum ƙalau, sai ciwon gwiwa. Ita ce ta ce kada in wahalar da kaina da waya, kunnenka ya yi nauyi, in rubuta in ba Namadi direban Gummi.

Ina aiki a asibiti a nan Anka, ɓangaren yaran da gubar dalma ta kama. Motocin aiki suna zuwa manyan garuruwa irin su Bagega, amma akwai wata tunga a hayin rafi, Tungar Mu'azu, wadda ba ta kan hanyarsu. Yara shida ne a can da dole a kawo su gwajin jini da karɓar magani a kan lokaci. Ni nake ɗauko su da uwayensu ran Asabar, sawu biyu, a Santana, tsohuwar motar Baba.

A kanta na rubuto. Watan jiya ta yi zafi, ruwa ya haɗu da baƙin mai, aka cire kan injin aka kai Gusau aka kankare shi. Inna ta ce karo na uku ke nan. Tun da aka mayar, a kan kwalta tana gudu lafiya, amma da ta zo hawan gaɓar rafi sai ta riƙa haki, sai mata sun sauka da goyo a baya sun tura. Silas, direban asibitinmu, mutumin Kafanchan ne, ya iya inji daidai gwargwado. Ya ce alamar taimin, wato saitin lokacin injin, ita ce ta ƙi zama. In ya sa bel a wannan haƙori ta yi baya, in ya matsar da haƙori ɗaya ta wuce gaba, injin ya kama ƙwanƙwasa.

Yaya Ɗahiru ya ce a ba 'yan gwangwan ita a huta. Na ce masa a'a. Inna ta ce kai ne ka fara buɗe injin nan, kuma babu wanda ya san shi kamarka. Damina na tafe, Baffa. Me za a yi?

'Yarka,
Fa'iza Abdulwahabu

Gummi, 18 ga Maris, 2013

Ɗiyata Fa'iza,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta iske ni zaune ƙofar gida, ƙafa na ɗaure da karan ɗori. Da sauƙi, sai dai zama ya ishe ni. Na tuna ki sarai. Ke ce kinka ɓoye mini sifana mai lamba goma sha uku cikin tukunyar ruwa. Ki gaishe da Inna, ki ce mata ta riƙa gasa gwiwar.

Silas ya yi gaskiya, ki gaishe shi. Ga yadda abin yake. Bel shi ke haɗa karanshaf da ke ƙasa da kamshaf da ke sama, wanda ke buɗe bawul, ƙofofin shigar mai da fitar hayaƙi. Duk sa'ad da anka kankare kan inji, kamshaf ya ƙara saukowa kaɗan, sai bawul su riƙa makara wajen buɗewa da rufewa. Kankarewa guda ba a ji. Uku kuwa dole a ji, kuma a hawa ake ji, lokacin da injin ke ja a hankali. Matsar da haƙori guda tsalle ne babba. Abin da motar ke biɗa bai kai rabin haƙori ba, shi ya sa Silas ya rasa wurin tsayawa.

Fuli shi ne ƙarfen nan mai haƙora da bel ke hawa kansa, to Turawa sun yi wani mai gida biyu saboda irin wannan. Cikinsa daban, zoben haƙoransa daban, noti ne ke haɗa su. Sai a sassauta notin, a murza kamshaf ɗan kaɗan, a ɗaure. Sau guda na gan shi a rayuwata, Kaduna, a motar wani bature mai son gudu, lokacin ina koyon aiki. Ban san mai sayar da shi ƙasar nan ba.

Takarda ta ƙare, ƙafa kuma ta fara zugi. Abu guda nike so ki riƙe: kada a ƙara taɓa komai a kai. An kai iyaka. Haka na faɗa ma mahaifinki tun da daɗewa, bai ji ba.

Baffanki,
Maikuɗi Makanike

Anka, 22 ga Afrilu, 2013

Baffa,

Assalamu alaikum. Ina fatan ƙafa ta yi sauƙi. Mu muna lafiya, zafi ne kawai ya matsa.

Na san na daɗe ban amsa ba. Gaskiya raina ne ya ɓaci. Na zaci in kowa ya ce a bar motar nan kai ba za ka ce ba, sai ga shi ka rubuta cewa kada a ƙara taɓa komai a kai, an kai iyaka. Har ka sako Baba a ciki, shi da ba ya nan balle ya kare kansa. Na karanta wa Yaya Ɗahiru, ya ce, "To kin ji. Ko makaniken gida ya sallama ta."

Ni ban sallama ba. Tunda ka ce akwai irin wannan fulin a duniya, na sa an nemo shi. Alice, matar Silas, tana da ƙane a Legas mai sayar da kayan mota. Ya yi sati uku yana zagaye, ya samo shi a cikin kayan da aka kwaso daga Jamus. Ya iso ranar Alhamis. Ja ne, yana ƙyalli, da noti shida da 'yan layuka na awo a gefe, kamar yadda ka kwatanta. Wanda ya sayar ya ce na Volkswagen ne, kuma duk Volkswagen ɗaya ce.

Sai dai da Silas ya ɗora bel ɗinmu a kansa, haƙoran ba su zauna ba. Na ɗauki biro na ƙirga da kaina, sau biyu. Tsohon fulinmu haƙora arba'in da huɗu, sabon hamsin da biyu. Silas ya ce wataƙila bel ɗin ne ba nasa ba, ya aika Gusau a kawo mai ƙananan haƙora. Ya ce in ya zo, ran Asabar zai ɗaura.

Ba na neman ka canza ra'ayi a kan motar. Tambaya ɗaya ce, ka amsa mini ita a matsayinka na makanike: wannan bambancin haƙoran yana da illa? In ban ji daga gare ka ba, za mu ci gaba.

Fa'iza

Gummi, 24 ga Afrilu, 2013

Fa'iza,

Wa alaikumus salam, lafiya lau. Na tsayar da Namadi da fasinjansa har in gama rubutun nan, don haka ki karanta da sauri ki kai ma Silas.

KADA A ƊAURA WANNAN FULIN. Ko bel ya zo, kada a ɗaura. Na wani inji ne, mai bawul goma sha shida. Naku mai takwas ne. Fulin ƙasa na motarki haƙora ashirin da biyu gare shi, na sama arba'in da huɗu, rabi da ninki ke nan: ƙasa ya juya sau biyu, sama sau guda. In kunka sa hamsin da biyu a sama, lissafin ya watse tun juyi na farko. Da kan da anka kankare sau uku babu sauran fili tsakanin fistin da bawul. Za su yi karo, kuma daga nan sai 'yan gwangwan da gaske. Mai cewa duk Volkswagen ɗaya ce bai taɓa buɗe ko guda ba.

Yanzu maganarmu. Ɗiyata, mi kinka karanta? Na ce kada a ƙara taɓa komai a KAI, wato kan inji, ƙarfen da anka kai Gusau. Shi ne ya kai iyaka, ba ya ɗaukar kankarewa ta huɗu. Ban ce a bar mota ba. Gindin injin nan zai binne ni da ke in ana ba shi mai da ruwa. Laifina ne, na rubuta a gurguje. Bayan nan zazzaɓi ya kayar da ni sati biyu, ina kwance ina jiran amsarki, na ɗauka aiki ne ya riƙe ki.

Batun mahaifinki kuwa, kin yi daidai da kinka ji zafi. Bari ki ji abin da Inna ba ta faɗa miki ba. Lokacin kankarewa ta biyu na ce mai ya jira in nemo wani kan, shi kuma yana sauri, ya kai Gusau ba da sanina ba. Da na ji, a gaban mutane na ce mai in ta mutu kada ya kawo mini gawarta. Bai ƙara kawo ta ba. Shekara goma sha huɗu muna gaisuwar hanya kawai. Ranar da ya rasu na zo, na yi salla, na ga motar ƙarƙashin darbejiya, na kasa shiga gida. Shi ke nan abin da ke tsakaninmu, kuma ni na fi laifi.

Fuli mai gida biyu mai haƙora arba'in da huɗu, tunda babu shi kasuwa, ni zan yi shi. Na gama tsara shi a kaina tun ina kwance. Ki ɗora tsohon fulin bisa takarda ki zana shi, da ramin tsakiya da gurbin makulli, ki kwafo mini lambar da ke jikin injin. Jan nan kuma ku mayar ma mai shi.

Baffanki,
Maikuɗi

Anka, 29 ga Afrilu, 2013

Baffana,

Assalamu alaikum. Ya jiki, ya ƙafa? Ban san ka yi zazzaɓi ba. Allah ya ƙara sauƙi.

Ka yafe mini. Wata guda ina fushi da kai a kan kalma ɗaya. Takardarka ta iso ran Juma'a da la'asar, bel kuma ya riga ta isowa da safe. Silas ya karanta, ya zauna a kan benci. Can ya ce, "Ashirin da biyu, arba'in da huɗu. Sista, ni da na yi shekara goma ina tuƙi, ban taɓa ƙirgawa ba." Ya ce in gaya maka ya gode, kuma daga yau kai ne ogansa.

Na je Bukkuyum na karanta wa Inna abin da ka rubuta game da Baba. Ta saurara har ƙarshe. Sannan ta ce in gaya maka, duk makaniken da ya taɓa motar nan, sai Baba ya dawo gida yana cewa, "Ba haka Maikuɗi ke yi ba." Ta ce shi ma ya so zuwa, girman kai ne irin na gidanku.

Ga zanen nan da lambar injin. Na auna ramin tsakiya da abin awon da Silas ya aro, na rubuta a gefe.

Sai dai lokaci na ƙurewa. An yi ruwan farko shekaranjiya, gaɓar rafin ta yi santsi. Na gwada ran Asabar da tsohon fulin, ko rabin hawan ba mu kai ba. Yara biyar an kawo su a babur. Husaina kuwa, uwar ta shidan, ta ƙi. 'Yarta Baraka, mai shekara uku, ita ce gubar ta fi yi wa yawa, takan yi jijjiga ba zato, kuma ta taɓa yi a kan babur har suka faɗi. Husaina ta ce mini, "Malama, in ba mota ba, ba ni fita da ita." Ban ga laifinta ba. Likita ya ce a kawo ta kafin ƙarshen Mayu, kada a wuce.

'Yarka,
Fa'iza

Gummi, 15 ga Mayu, 2013

Ɗiyata,

Wa alaikumus salam. An kwance ɗori, ina takawa da sanda. Saƙon Inna ya iso. Na karanta shi, na shiga ɗaki. Allah ya jiƙan Abdulwahabu.

Ga fulinki nan cikin tsumma. Ba shi da kyau kamar jan, amma naki ne. Na samo tsofaffin fuli na motar Golf mai bawul takwas, na gwada su da zanenki, sun zauna daidai. Na sa anka ɗauke ni a mota zuwa wurin Yalwa mai injin yankan ƙarfe, na zauna kusa da shi kwana uku. Mun cire cikin guda, mun bar zoben haƙoran ɗayan, munka haɗa su da faranti da noti shida, ramukan notin masu tsawo don ya samu wurin murzawa. Na farko da munka yi yana rawa in ya juya, na jefar da shi. Yalwa ya ce ai kaɗan ne. Na ce mai yara za a ɗauka. Wannan na biyu ne, na juya shi da hannuna ya fi sau ɗari, ba ya karkata ko kaɗan.

Ki tsaya a kan Silas ku bi wannan daki-daki. Ku cire fulogi duka. Ku kawo fistin na ɗaya sama daidai alamarsa. Ku ɗaura fulin yana kan layin tsakiya da na sara da kurfi, ku sa bel, ku ja shi daidai. Za ku ga alamar kamshaf ta yi baya kaɗan. Ku sassauta noti shida, ku murza kamshaf gaba, wajen da injin ke juyawa, har alamar ta zauna. A lissafina layi biyu ne. Ku ɗaure notin ɗaya nan ɗaya can, kada ku bi su a jere.

Kafin kowa ya taɓa makulli, ku juya injin da sifana sau biyu cikakku. In kunka ji ya toge, ku tsaya, kada ku tilasta. In ya wuce sumul, ku mayar da fulogi, Silas ya sake saita wuta, ku tayar.

Kada kwaɗayi ya ja ku ku ƙara layi don ta ƙara ƙarfi. Uku ne iyaka, na huɗu babu shi. Bayan tafiyar farko a sake bin notin da sifana.

Zai yi. Ban taɓa yin irinsa ba, amma na san zai yi.

Baffanki,
Maikuɗi

Anka, 27 ga Mayu, 2013

Baffana,

Assalamu alaikum warahmatullah. Ina fatan sanda ta kusa zama tarihi. Inna na gaishe ka, Silas da Alice ma haka. Mu duka lafiya.

Mun ɗaura ran Lahadin da ta wuce waccan, bayan Silas ya taso daga coci. Ni na riƙe takardarka ina karantawa, shi yana aiki. Da muka sa bel alamar ta yi baya kamar yadda ka ce. Ya murza layi biyu, saura ƙiris. Ya ƙara rabi, ta zauna cif. Don haka lissafinka ya kuskure da rabin layi, na ce sai na gaya maka.

Sai Silas ya kama juya injin da hannu. Yana cikin juyi na biyu sai sifanar ta tsaya cak. Silas ya ce, "Ya toge." Na ce kada ya motsa. Muka tsaya muna kallon juna. Sai Alice, da ke zaune a inuwa tana tsinke zogale, ta ce, "Wai ba ɗazu na ga ka sa ta a giya don kada ta gangara ba?" Haka ne kuwa. Ya cire giyar, ya sa dutse a taya, injin ya juya sau biyu sumul. Ta tashi bugu ɗaya. Ƙwanƙwasar nan babu ita.

Ran Asabar na fita da sassafe. An yi ruwa ran Alhamis, rafin ya kai rabin taya. Na tsallaka na isa tunga. Husaina ta fito da Baraka a kafaɗa, ta zagaya motar ta ce, "Ita ce dai ta da?" Na ce ita ce. Ta ce, "To ni ba ni turi yau, bayana ciwo yake." Na ce ta shiga. Mata uku a baya da yara uku, Husaina a gaba, ga buhun gero da wata ta ce sai an kai wa ɗanta a Anka.

Muka tsallako ruwan, na sa giya ɗaya, muka kama hawan. Baffa, ta ja. Ba haki, ba rawar jiki, ta kama ƙasa tana hawa kamar an ɗaura mata igiya daga sama. Mun wuce inda take mutuwa da. A nan ne na yi abin da na san za ka yi faɗa. Na ce a raina damina yanzu ta fara, wata rana saniya za ta tare ni a nan, ko taya ta zame, gara in sani yau. Na taka birki a tsakiyar hawan, wurin da ya fi tsayi, na tsaya cak.

Matan baya suka kama salati. Wata ta buɗe ƙofa za ta sauka. Na ce kowa ya zauna. Na ja birkin hannu, na ba ta wuta kaɗan, na saki kuloci a hankali. Ta ɗan durƙusa, tayoyin gaba suka watsa taɓo, sannan ta tashi da mu duka, da gero da komai, har kan tudu.

Baraka ta samu ganin likita kafin azahar. An sake ɗora ta a kan magani, kuma ya ce an kawo ta a kan gaɓa. Silas ya bi notin shida da sifana, ko ɗaya bai motsa ba. Yaya Ɗahiru ya zo ya buɗe bonet ya daɗe yana kallo, sai ya tambaya ko zan ara masa ita ran Talata.

Da na mayar da su tunga da yamma, Husaina ta sauka, ta gyara goyonta, ta leƙo ta taga. Ta ce, "Malama, wanda ya gyara motar ga, ki ce Allah ya yi mai albarka. Ke kuma in kinka ƙara tsayawa tsakiyar hawan can, da ni da ke sai gaban mai gari."

Na isar da saƙon farko. Na biyun kuma na yi mata alkawari.

'Yarka,
Fa'iza